Jan Fentin Bawa

Ungulaye ne suka fara tarbar Istifanus a sabuwar gadar da ke bayan Bungudu, kan hanyar Karakkai. Tun daga nesa ya hango su jere a kan wata busasshiyar bishiya, wasu kuma a ƙasa suna rububin mushen saniya a cikin yashin rafi. Dalhatu direba ya toshe hanci, ya ce bazarar bana ta zo da mugunta. Istifanus ya kawar da kai. Shi fenti aka aiko shi ya auna, kuma tun da hantsi zafi ya riga ya ɓata masa rai.

A shekarar 1956 ke nan. Istifanus mutumin kudancin Zariya ne, ma'aikaci a ofishin ayyuka na Gusau, kuma aikinsa ɗaya ne. Duk ƙarfen da aka shafa wa fenti, gada ce ko tankin ruwa, sai ya je ya auna kaurin fentin kafin a ce an karɓi aiki. Ma'aunin nasa bai fi alƙalami girma ba, a aljihun gaba ma yake sa shi. A bakinsa akwai ɗan mayen ƙarfe, a cikinsa sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai miƙewa in an ja, a jikinsa kuma layuka. Sai ya ɗora bakin a kan fenti ya ja a hankali. In fentin na da kauri, mayen ba ya jin ƙarfen da ke ƙasa sosai, nan da nan sai ya saki. In kuwa an yi ƙwauro, sai ya kama ƙam, sai an ja shi da nisa. Layin da ya saki a kai shi ne kaurin fentin. Masu fenti sun ƙi jinin abin nan ƙwarai. Ɗan tsegumi suke ce masa, don ba ya jin roƙo, ba ya cin goro.

Bawa, shugaban masu fentin gadar, yana tsaye a bakin hanya yana jiransu da tsani a kafaɗa. Dattijo ne, faratansa sun rine da jan fenti har ba a tuna launinsu na asali. Shi kaɗai ne a cikin masu fenti ba ya ɗaure fuska in ya ga ma'aunin, don ya yarda da hannunsa. Ban da haka akwai zumunci a tsakaninsu. Lokacin da Istifanus ya sauka Gusau baƙo, Bawa ne ya nemo masa ɗaki, kuma matar Bawa ce ta kwana a kan Dibora, matar Istifanus, ranar haihuwarta ta fari.

"Malam Istifanus, an iso lahiya? Hiddo ɗan tsegumin naka, yau kunya za shi ji."

"Allah ya sa, Baba Bawa. Su wane ne can ƙarƙashin gada?"

A inuwar gadar wani Bafulatani na zaune a yashi, ya ɗora kan wata farar saniya a cinyarsa. Saniyar na kumfa a baki, tana cizon haƙora har ana ji daga sama. Wasu mutum biyu na tsaye a kansa da sanduna.

"Manu na," in ji Bawa, ya rage murya. "Shanunai ka mutuwa tun satin da yaw wuce. Sai nagge ta makance, ta yi ta tura goshi ga icce, ta yi ta kewaya, ta hwaɗi. An yi turare, an yi rubutu, ba abin da yac canza. Waɗancan 'yan'uwanai na. Allah dai shi kyauta."

Istifanus ya ce amin, ya jingina tsani ya hau. A can sama ya ɗora ma'auni ya ja, ya saki a layi na biyar, daidai yadda ake so. Ya matsa gaba, haka. Ya sauko zuwa dirkokin ƙarfen da suka ɗauki gadar, ya auna daidai tsayin kansa, nan ma lafiya lau. Bawa na ƙasa yana ta murmushi kamar ango.

Da ya zo daidai ƙirjinsa sai ma'aunin ya kama. Ya ja, ya ja, sai a layi na biyu ya saki. Ya sake gwadawa ƙasa kaɗan, layi ɗaya. Ya bi dirkokin nan ɗaya bayan ɗaya, duk labarin guda ne: daga ƙirji zuwa sama aiki mai kyau, daga ƙirji zuwa gwiwa kuwa kamar ba a taɓa kai buroshi ba. Ransa ya ɓaci, kuma ɓacin ran ya fi ciwo da yake Bawa ne.

"Baba Bawa, mene ne wannan? Sama kun cika, ƙasa kun yi ƙwauro?"

Murmushin Bawa ya ɗauke. "Ƙwauro? Ni? Ƙasan ga da hannuna nis shahe shi, har sau ukku. In ƙarya ta a cire min hannun."

Shi ma Istifanus abin bai hau masa kai ba. Ya daɗe a aikin nan, ya san halin mai son cin fenti. A sama yake yin ƙwauro, can inda sai an hau tsani, ƙasa kuwa da kowa ke gani ya lafta har yana ɗiga. Ba wawan da zai yi akasin haka. Sai ya durƙusa ya kai ido kusa da ƙarfen. Fentin ba tsiriri aka shafa shi ba, an ɗauke shi ne. Ga sawu nan masu faɗin tafin hannu, duk daga ƙasa suka taso sama, kuma a gefensu fararen gasu sun manne. Ya dubi bakin ma'auninsa, ya gan shi ja jawur. Fentin da ya yi makonni a rana ba ya shafar komai. Ya miƙa hannu inda fentin ke da kauri ya danna farce, fatar saman ta fashe, cikin ya fito da laushi kamar tunkuza. Ya kai hanci. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne, ba ko tantama.

"Da wane mai kuka dama garin fentin?"

Bawa ya saki ajiyar zuciya, kamar wanda aka yi wa tambaya mai sauƙi. "Au, wanga? Duron man da anka aiko ta jirgi ya huje a hanya, rabi yaz zo mana. Ɗan kwangila ya ce a gama kamin ruwa shi sauka. Sai nis sa anka sawo man gyaɗa wurin mata nan Bungudu, munka cika. Mai ai mai na, Malam. Ya ma hi wancan santsi ga buroshi."

Kar a yi saurin zagin Bawa. Duk mutumin Gusau zai iya yin wannan tunani, a garin da buhunan gyaɗa ke tashi dala a bakin tasha. Da man gyaɗa ake rufe bakin ƙyauren da ke kuka, da shi ake shafe fartanya kar ta yi tsatsa. Abin da bai sani ba, man fenti bushewa yake yi ya zama fata mai tauri, shi kuwa man gyaɗa ko shekara zai yi ba ya bushewa. Abin da Istifanus ya sani kuma ya fi wannan muni. Jan garin nan da ake shafa wa ƙarfe dalma ce zalla, ita kuwa guba ce. A Kaduna inda aka koya masa aiki an yi ta ja musu kunne kar wanda ya ci abinci bai wanke hannu da sabulu ba. Ga shanu a tsakiyar bazara, suna kwaɗayin kanwa har dutse suke lasa, ga inuwa ɗaya tak a rafin nan, ga dirkoki masu ƙamshin ƙuli-ƙuli daidai bakinsu. Ya dubi farar saniyar can.

Ya ja Bawa gefe ya gaya masa, a hankali, ba tare da ya ƙara ko ya rage ba. Bawa ya dafa dirka, ya tuna, ya janye hannun da sauri.

"Sauran fentin fa? Ya ƙare a nan?"

Bawa ya sunkuyar da kai. "Kwamen ruwan Kucheri. Na sabuwar rijiya, bakin burtali. Da shi munka shahe su."

"Waje kawai?"

"Ciki da waje."

Istifanus ya san wurin, don gobe ne ma ya kamata ya je ya auna su. Kwame ne na ƙarfe dogaye, an yi su ne musamman don shanu su sha ruwa, a can gaba da Tsafe.

Bawa ya kama masa hannu. "Don Allah, don zaman da munka yi. Ka ga sandunan can. Ruhwa min asiri mu bar wurin ga. Mu tahi Kucheri yanzu in kankare su da hannuna, ba wanda za shi sani."

Gaskiya Istifanus ya so ya yarda. Shawarar ba ta da laifi a ido: kwamen za su gyaru, dattijon zai koma gida da kansa a wuyansa, shanun da suka mutu kuwa sun riga sun mutu. Har ya ce to. Ya ce bari dai ya je ya yi wa Manu jaje, ya ba shi shawara ya ɗauke sauran dabbobinsa daga ƙarƙashin gadar.

Ya yi sallama, ya tsuguna. Manu bai ɗago ba, yana ta korar ƙuda daga idon saniyar.

"Sannu, Malam Manu. Allah ya mayar da alheri. In ka ji shawarata, ka raba sauran garken da wannan wuri."

"Na riga ka, Malam," in ji Manu. "Wurin ga ba shi da kyau, ko ruwan na, ko wani abu na. Na aika ƙanena Hamidu da sauran duka, yau kwana huɗu ke nan. Waɗanda sunka kamu kaɗai nit tsaya da su, wagga ta ta ƙarshe."

"Ina ya nufa da su?"

"Kucheri. An ce an yi sabuwar rijiya, ruwa garai-garai, har da kwamen ƙarhe."

Gudun gara ke nan, an tadda zago. Istifanus ya waiga ya dubi Bawa, ya ga shi ma ya ji. Zancen rufin asiri ya ƙare a nan. Ko da sun riga garken isa, ba su san ta inda zai ɓullo ba. In kuwa garken ya riga su, wane makiyayi ne zai janye shanu masu ƙishi daga bakin ruwa don wani baƙo mai gajeren wando ya ce a janye? Manu kaɗai Hamidu zai ji.

Istifanus ya ciro ma'aunin ya nuna wa Manu jan bakinsa, ya nuna masa sawun harshe a jikin dirka. Sannan ya ce ya buɗe bakin saniyar. Manu ya sa yatsu ya buɗe. A tsakanin haƙoranta da ƙasan leɓe ga ja nan ya maƙale.

"Guba ce a cikin fentin," in ji Istifanus. "Irinsa aka shafa wa kwamen Kucheri."

Ɗaya daga cikin masu sandunan ya matso, wani dogo mai jajayen idanu. "Wa yas shahwa shi?"

Istifanus ya san ko kallon Bawa ya yi ya ba da amsa. Dalhatu da ke leƙe daga saman gada ya ja da baya ya nufi mota.

"Ni na," in ji Bawa daga baya. "Ni nid dama, ni nis shahwa."

Dogon ya ɗaga sanda. Istifanus ya miƙe ya tsaya a tsakani, ba don jarumta ba, ƙafafunsa ne kawai suka kai shi. Sai Manu ya yi wata magana guda da Fulatanci, sandar ta tsaya a sama. Ya sauke kan saniyar a yashi a hankali, ya tashi ya karkaɗe riga.

"Motar ga taku tana kai Kucheri yau?"

"Tana kai."

"To mu tahi. Shi ma shi taho."

Motar tsohuwar kitika ce, irin ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Dalhatu ya fara ƙorafin cewa Bungudu aka ba shi izini, ba Tsafe ba. Istifanus ya ce ko me ya biyo baya a kansa, ya dai taka. Manu da Bawa suka hau baya, wannan a kusurwa, wancan a kusurwa. Manu bai taɓa shiga mota ba, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, amma bai ce a rage gudu ba.

Kafin su tashi Istifanus ya tambaye shi ko yana ganin garken ya isa. Manu ya ce akwai 'yan maruƙa a ciki, ba a kora su da ƙarfi. Mai yiwuwa sai gobe, mai yiwuwa kuma Hamidu ya yi tafiyar asuba saboda zafi. Wannan "mai yiwuwa" ita Istifanus ya yi ta juyawa a ransa har Gusau.

A Gusau suka tarar an rufe hanya a bakin layin dogo. Ana jera taragon gyaɗa, kan jirgi ya ja gaba, ya dawo baya, ya sake ja, kamar mai neman abin da ya yar. Istifanus ya sauka ya roƙi mai tsaron ƙofar, mutumin ya nuna masa jirgin da baki ya ci gaba da cin goronsa. Masu talla suka kewaye motar da ruwa da gyaɗa soyayya. Wata ta miƙa wa Bawa farantin ƙuli-ƙuli, ya kawar da kai kamar an nuna masa wuta.

Da aka buɗe, Dalhatu ya manta da ƙorafi ya ba mota wuta. Hanyar duk gargada ce, motar na kakkaɓi har haƙora na haɗuwa. Sun wuce dutsen Kwatarkwashi da kaɗan sai tururi ya turnuƙe gabanta. Lagireto, wato tukunyar ruwan injin, ya tafasa, ruwan da ke cikin garwa kuma ya zube a gargada. Dalhatu ya ce ko an samu ruwa sai ta huce, in ba haka ba injin ya tafi. Bawa ya miƙo butarsa ta alwala. Manu ya kwance goran da ke kafaɗarsa ya miƙa. Ba wanda ya dubi wani. Suka tsaya a rana suna sauraron ƙarfe na huci, Istifanus na ji kamar ya sa hannu ya tura motar har Tsafe.

Sun wuce Tsafe bayan azahar. Gaba kaɗan, inda burtali ya ratsa hanyar mota, Manu ya buga rufin motar da tafin hannu. Tun ba ta gama tsayawa ba ya dire. Ya bi sawun kofato da ido, ya sa babban yatsan ƙafa ya fasa wani kashin shanu, ya duba cikinsa. Ya daɗe a sunkuye.

"Namu na," ya ce. "Kuma ba na yau ba na. Na jiya na."

Bawa ya ce innalillahi, ya rufe fuska da hula.

Abin da ya fi ba Istifanus tsoro da suka isa shi ne kyawun wurin. Ga inuwar manyan tsamiyoyi, ga sabuwar rijiya da bakinta na siminti, ga fararen shanu sun bazu, wasu a kwance suna tuƙa, wasu sun kewaye kwamen. Hamidu na jan guga yana 'yar waƙarsa. Da ya ga yayansa ya sauko daga mota sai ya saki baki, sannan ya yi dariya.

"Yaya! Kai da mota? Zo ka gani, ruwan ga ya karɓe su, ko guda ba ta yi tari ba."

Manu bai saurare shi ba. Ya sa hannu a baki ya yi wani kira mai tsawo, shanun nan duka suka ɗaga kai. Ya sake yi yana ja da baya, suka baro kwamen suka bi shi, wasu na waiwaye. Wata ja ta ƙi bari, ta ci gaba da lasar gefen kwami, sai da Bawa ya ruga ya rungumi wuyanta yana turawa, ta watsar da shi a taɓo kafin ta tafi.

Istifanus ya je bakin kwamen. Guda uku ne. Bakunansu, inda ya kamata a ga ja, fari ne fat yana ƙyalli. Duk da haka ya ciro ma'auni, don hannunsa bai san wani abin yi ba. Ya ɗora a bakin na farko ya ja. Mayen ya kama, sifirin ya miƙe har ƙarshe, ya wuce duk layukan kafin ya saki. Ba fenti ko kaɗan. Na biyu ma haka. A na uku ne ya samu layi uku a gefe ɗaya, wajen da ke jingine da tarin ƙaya, inda baki bai kai sosai ba. Ya dubi tsawon kwamen, ya tuna yadda Bawa ke lafta fenti in yana son a yaba masa, ya san yawan abin da ya tafi.

Shi da Dalhatu da Bawa suka kwarar da ruwan, suka kife kwamen da ƙyar, suka jawo ƙaya suka lulluɓe. A can gefe Manu na yi wa Hamidu bayani da Fulatanci. Sai suka ga Hamidu ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka, babban mutum da gemunsa.

"Na ga suna lasa!" yake cewa da Hausa, yana duban baƙin kamar su za su yanke masa hukunci. "Tun jiya nig gani. Har murna niy yi, nic ce gwamnati ta sa musu kanwa ga ƙarhen."

Manu ya bar shi ya zo wurin Istifanus. Ya nuna aljihun da ma'aunin yake.

"Malam, abin ga naka. Shina iya auna wanda yas shiga cikin nagge?"

"A'a. Na jikin ƙarfe kawai yake gani."

"Wadda tal lasa kaɗan fa?"

"Mai yiwuwa ta tashi. Ban sani ba, Malam Manu, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai malamin dabbobi a Tsafe, yana da wani gishiri da ake ɗura musu ya wanke ciki. In an yi da wuri yakan taimaki wasu."

"Wasu," in ji Manu.

Ya naɗe hannun riga ya shiga cikin garken. Sai ya kama saniya ta hanci, ya kira sunanta, ya buɗe bakin ya duba harshe da dasashi da ƙasan leɓe. In bakin fari ne ya tura ta wajen Hamidu, gabas da rijiya. In da ja, ya kai ta gindin tsamiya da kansa. Ba ya sauri, ba ya kuma tsallake ko ɗaya. 'Yan maruƙa da iyayensu yawanci sun tsira, don Hamidu ya ware su yana ba su ruwa a ƙwarya saboda kar a tattake su. Manyan kuwa, waɗanda ƙarfinsu ya ba su gaban kwami, su ne suka yi ta tafiya gindin tsamiya. Istifanus ya tsaya yana kallon ɓangarorin biyu. Tun yana sa rai gabas za ta rinjaya har ya daina.

Akwai wata tsohuwar saniya mai dogayen ƙahoni da Manu ke ta kewayewa. Sau biyu tana zuwa ta goga masa kai a kafaɗa, yana ture ta ya kama wata. Hamidu ya gaya wa Istifanus cikin shessheƙa cewa Fure ke nan, jikar saniyar da mahaifinsu ya ba Manu ranar suna, kuma rabin garken nan 'ya'yanta ne da jikokinta. Da ba sauran wata, Manu ya tsaya a gabanta. Bai ma kama hancinta ba, ya dai taɓa leɓenta ta buɗe masa. Ya duba. Ya sa gefen rigarsa ya goge harshen, ya duba rigar. Sannan ya dafa wuyanta suka taka tare zuwa gindin tsamiya.

Rana ta yi sanyi. Manu ya ce wa Hamidu ya kora na gabas ya yi nisa da su, kar ya tsaya sai ya samu rafi. Istifanus ya ce shi da Dalhatu za su koma Tsafe su ɗauko malamin dabbobi, ko a ina yake sai sun nemo shi. Dalhatu ya tayar da mota. Bawa, da taɓo har gemu, ya ɗauki butarsa ya sa ƙafa zai hau baya.

"Kai ba ka zuwa," in ji Manu.

Bawa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Istifanus ya buɗe baki zai yi magana, Manu ya ɗaga masa hannu.

"Ba ni taɓa shi, Malam. Na hana a taɓa shi can, nan ma ba mai taɓa shi." Ya juya ga Bawa. "Ni na ga yadda suka yi, tun daga ta hwarko har ta yau. Kai ba ka gani ba, labari kaj ji. Zamna nan. Duk wadda za ta hwaɗi, kai ka riƙe mata kai."

Bawa ya sauke ƙafarsa. Ya ajiye butar, ya tafi gindin tsamiya ya zauna a ƙasa. Manu ya zauna shi ma, da 'yar tazara a tsakaninsu.

Da motar ta hau hanya Istifanus ya leƙa ta taga ya waiwaya. Shanun na tsaye a inuwa, farare, ƙosassu, suna tuƙa kamar ba abin da ya same su. Can a gefe wata ta daina tuƙa, ta tafi ta jingina goshinta da jikin tsamiya tana turawa. Ya ga Bawa ya tashi ya nufe ta.